Idan murya ta bi ta intanet, rediyo ce har yanzu? Fashin baƙi kan taƙaddamar masu rediyon sha'awa

Tun bayan duhun da Arewa ta sha a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka kwashe fiye da mako guda babu wuta, mutane na bin layi a shagunan caji da wayoyinsu, wata magana take ta yawo a majalisun matasa a Zariya. Wai akwai wata oba-oba da za ka riƙe a Tudun Wada ka yi magana da ɗan'uwanka a Jidda ko Landan, babu ruwanka da kati, babu ruwanka da sabis.

Na ga irin wannan oba-oba da idona a Sabon Gari, a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo wanda ya yi aikin sadarwa shekaru da yawa kafin ya yi ritaya. Ɗan ƙanensa ne ya kawo ta, yana ta ɗoki. Baƙa ce, da gajeriyar eriya da maɓallin da ake dannawa a gefe kafin a yi magana. Ya ce, "Baffa, da wannan jiya na yi magana da wani a Legas, tamkar yana bayan shagon nan." Dattijon bai ce uffan ba. Ya juya ta, ya zare batirin, ya sa farce ya zaro wani ɗan ƙaramin abu ya ajiye a kan tebur. Layin waya ne. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ai waya ce ta ari rigar oba-oba."

Yaron bai ji daɗi ba, amma ya yi tambayar da ta dace: idan muryarsa ta isa Legas, mene ne laifin hanyar da ta bi? Wannan tambaya ba a shagon aka fara yin ta ba. Fiye da shekara 20 ke nan masu rediyon sha'awa a duniya suna jayayya a kanta, wasu har suna daina gaisawa. Kuma duk wanda bai san asalin abin ba zai ɗauka gardamar tsofaffi ce kawai da ke jin haushin zamani.

Mece ce rediyon sha'awa?

Bahaushe ya san rediyo sani na gaske, amma ta fuskar sauraro. Tun 1957 ake jin Sashen Hausa na BBC, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kama Rediyon Kaduna ya san 'yan zaɓi-sonka da ƙungiyoyinsu, masu aika kati a gaida 'yan'uwa da abokan arziki daga Funtuwa har Maraɗi. A duk wannan, tasha ce ke magana, jama'a na saurare. Rediyon sha'awa kuwa, wadda Turawa ke kira ham, kowa tasha ne. Mutum zai zauna a ɗakinsa da na'urar da ke aikawa tana karɓa, ya yi kira, wani daga wata ƙasa ya amsa.

Ba kuma ita ce oba-obar 'yan sintiri ko ta masu gadin ma'aikatu ba, ko da yake na'urorin kan yi kama. Mai rediyon sha'awa sai ya nuna ya san aikin, gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira da babu mai irinta a duniya. Farkon lambar ne ke nuna ƙasa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ. Akwai sharuɗɗa: ba a kasuwanci a kai, ba a sa kiɗa, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, kuma dole mutum ya riƙa faɗin lambarsa. Manufar ita ce koyo da gwaje-gwaje da zumunci, sai kuma taimako idan bala'i ya afka.

Abin ya daɗe. An kafa ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, ARRL, a 1914, ta duniya kuma, IARU, a birnin Faris a 1925, shi ya sa suke bikin ranarsu duk 18 ga Afrilu. Najeriya tana da tata ƙungiyar, NARS. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan harkar ne, lambarsa JY1, haka ma tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi. A Amurka kaɗai masu lasisi sun haura dubu 700. A nan gida kuwa ƙalilan ne, kuma wannan ƙarancin yana da muhimmanci ga abin da zan faɗa a gaba.

Yadda murya ke tsallake teku babu waya

Sai an fahimci wannan kafin a gane abin da ke ɓata wa dattawan rai. Can sama, daga kamar kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da caji. Saƙon gajeren zango idan ya tashi daga eriya yakan bugi wannan rufi ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wani wuri mai nisan dubban kilomita, wani lokaci ya sake tsalle. Shi ya sa kakanninmu ke kama Landan da Jamus da 'yar ƙaramar rediyo mai batir biyu.

To amma rufin nan ba shi da alƙawari. Halinsa da rana daban, da dare daban. Yana bin zagayen rana na kimanin shekara 11, wani lokaci hanya a buɗe, wani lokaci a toshe. Da damina tsawa da walƙiya kan cika kunne da ƙara. Mai rediyon sha'awa yana karanta waɗannan abubuwa kamar yadda manomi ke karanta hadari. Zai yanka waya mai tsawon kusan mita 10, ya raba ta biyu, ya ɗaura tsakanin bishiyar darbejiya da kan soro, ya jona ta da na'ura mai ƙarfin wat 100, ƙarfin tsohon ƙwan lantarki guda. Idan ya dace, wani a Barazil ko Italiya ya ji shi. Idan bai dace ba, ya kwana yana kiran CQ, wato kiran duk mai ji, babu amsa sai shuuu.

Ƙananan rediyon hannu kuma ba sa bin wannan hanya. Saƙonsu kusan a miƙe yake tafiya, gini da tudu na tare shi, ƙarfinsu bai cika wuce wat 5 ba. Daga Samaru da kyar a ji ka a cikin Birni. Maganin haka shi ne ripita, na'urar da ake kafawa a wuri mai tsayi, ta karɓi muryarka ta maimaita ta da ƙarfi. Da za a kafa guda a kan dutsen Kufena, da masu rediyon hannu daga Wusasa zuwa Shika zuwa Dakace sun ji juna. Iyakarta ke nan, gari da kewayensa.

Ta ina intanet ta shigo?

Ta ƙofar ripita ta shigo. Wani ya yi tunani: idan ripitar wannan gari da ta wancan gari aka haɗa su ta intanet, ai mai rediyon hannu a nan zai ji na can. A 1997 wani ɗan Kanada, David Cameron, ya fara tsarin da ake kira IRLP a kan wannan tunani. Tsarin ya gindaya sharaɗin cewa ta rediyo za a shiga, ta rediyo za a fita, intanet tana tsakiya ne kawai kamar gada.

A 2002 wani Ba'amurke, Jonathan Taylor, ya fito da EchoLink, kuma a nan ne ƙura ta tashi. EchoLink ta yarda mutum ya shiga daga kwamfuta, daga baya ma daga wayar hannu, ko da bai mallaki rediyo ba. Abin da ake buƙata shi ne ya aika shaidar lasisinsa a tantance. Da zarar an amince, zai iya zama a unguwar Kongo a Zariya ya danna sunan wata ripita a Ingila, muryarsa ta fito a rediyon motar wani da ke tuƙi a can. Zai ma iya kiran wani mai kwamfuta kai tsaye, su yi hira ta awa guda ba tare da saƙon ya taɓa eriya ko sau ɗaya ba.

Daga nan abin ya yi rassa. Ƙungiyar masu harkar ta Japan ta tsara D-STAR, kamfanin Icom ya ƙera na'urorinta. Kamfanin Yaesu ya kawo nasa tsarin. Wasu suka ɗauko DMR, wadda asali don kamfanoni da ma'aikatu aka tsara ta a Turai, suka mayar da ita tasu. Duk waɗannan suna mayar da murya lambobi su tura ta ɗakunan hira na intanet. Sai kuma ɗan ƙaramin akwati da bai fi kwalin ashana biyu ba, wanda ake ajiyewa a kan tebur a jona shi da intanet na gida. Mutum na zaune a kujera da rediyon hannunsa, saƙon ya yi tafiyar taku uku zuwa akwatin, sauran dubban kilomitan duk ta wayoyin intanet ne.

A ƙarshen layin akwai irin wadda yaron nan ya kawo shago: na'ura mai siffar oba-oba, cikinta waya ce mai layi, tana aiki da manhaja irin su Zello. Wannan ko masu goyon bayan EchoLink da yawa ba sa lissafa ta cikin rediyon sha'awa, don ba ta buƙatar lasisi, ba ta kuma taɓa zangon da aka ware wa harkar.

Ashe ke nan ba abu ɗaya ake gardama a kai ba. Matakala ce, kowa da inda ya ja nasa layin. Wani ya yarda da IRLP ya ƙi EchoLink. Wani ya yarda da EchoLink muddin ɓangare ɗaya na kan iska. Wani kuma duk abin da intanet ta taɓa ya fita daga ransa.

Ƙorafin masu cewa ba rediyo ba ce

Abu na farko da suke faɗa shi ne wahala ce ke ba abin daraja. Wanda ya yi wata uku yana gyara eriya, ya tashi kafin asuba don ya san a lokacin ne hanya ke buɗewa, ya tsinci wata siririyar murya daga tsakiyar ƙara, shi ya san abin da ya samu. Idan wani ya zo ya ce shi ma jiya ya yi magana da Japan, alhali danna allo ya yi, sai na farkon ya ji kamar mafarauci ne da ya kwana a dawa, ya dawo ya tarar da maƙwabcinsa ya sayo zabo a kasuwa yana cewa shi ma ya yi farauta. Naman ɗaya ne, ba a musu. Amma kowa ya san bambancin.

Wannan ra'ayi ba a baki kawai ya tsaya ba, yana cikin dokokin lambobin yabo. Babbar lambar da kowa ke nema ita ce DXCC, wadda ARRL ke bayarwa ga wanda ya tabbatar ya yi magana da ƙasashe da yankuna 100 daga cikin 340 da ke jerin. Maganar da ta bi ta ripita ko ta EchoLink ba a lissafa ta. Haka manyan gasanni suke. Wato a hukumance ma an yarda hira daban, bajinta daban.

Na biyu, tsoron mutuwar ilimi. Dalilin da ya sa gwamnatoci suka bar wa waɗannan mutane zanguna masu tsada kyauta, alhali kamfanonin waya na biyan biliyoyi don samun nasu, shi ne ana ganin harkar tana ƙera masu fasaha. A 1912 aka kora su zuwa gajerun zanguna a Amurka don ana ganin ba su da amfani, sai ga shi a 1923 wani Bafaranshe da Amurkawa sun yi magana ta tsallaken Tekun Atalantika a kan waɗannan zangunan da aka raina. Dattawan na cewa yaron da ya fara da danna manhaja ba zai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ba zai san dalilin da ya sa ake auna tsawon eriya ba. Kuma zangon da aka daina amfani da shi, wata rana gwamnati za ta sayar.

Na uku ya fi ƙanƙanta amma yana da ciwo. Yawancin waɗannan tsare-tsare na zamani suna dogara da wata fasahar matse murya mai suna AMBE, mallakar wani kamfanin Amurka, wadda ba a yarda ka buɗe ka canja ta ba. Ga mutanen da al'adarsu ita ce kwance na'ura a ga cikinta, wannan kamar a sayar maka da mota ne a kulle bonet. Shi ya sa wani ɗan Ostareliya, David Rowe, ya ƙirƙiro Codec 2 ya bar ta a buɗe ga kowa. Ga kuma rarrabuwa: mai D-STAR ba ya jin mai DMR kai tsaye, kowa da ɗakinsa, alhali a da kowace rediyo na jin kowace.

Akwai ma ƙorafin ladabi. Ripitar gari wurin hirar 'yan gari ce. Da aka jona ta da duniya, sai baƙi su riƙa faɗowa babu sallama, wani ya shiga ya yi shiru yana saurare, wani ya tare layi da dogon surutu. Ga jinkirin da intanet ke kawowa, mutum biyu su fara magana tare, kowa na taka na kowa.

Amsar ɗaya ɓangaren

Su kuma ba sa musun cewa gajeren zango ya fi daɗi. Tambayarsu ita ce: wa ke da halin yin sa? Sabuwar na'urar gajeren zango mai kyau tana kaiwa dala dubu ko fiye. A lissafa da canjin yau. Ɗalibin injiniya da ke haya a ɗaki ɗaya a Samaru, ina zai ɗaura waya mai mita 10, ko mai mita 20 idan yana son zangon dare? Mai gida ma ba zai bari ba. A Turai da Amurka akwai unguwanni da dama da aka hana kafa eriya ɗungurungum. Akwai tsoho da ya yi shekara 50 a harkar, yanzu yana gidan kula da tsofaffi, abin da ya rage masa na jin muryar abokansa shi ne ɗan akwatin nan. A ce masa me?

Akwai kuma wata matsala da mu nan muka fi kowa saninta ko da ba mu san sunanta ba. Kunna rediyon gajeren zango a cikin gari yau ka ji. Inbata ta sola, ƙwayayen lantarki masu arha, cajojin waya, janareto, kowanne na fesa ƙara a iska. A da dattijo na kama tashar nesa a zaure babu wahala, yau sai ya fita tsakar gida yana juya eriya. Mai neman siririyar murya daga nesa a irin wannan yanayi kamar mai neman jin raɗa ne a tsakiyar tashar Kwangila.

Suna kuma cewa batun mutuwar ilimi ba haka yake ba. Wanda ya haɗa ripita da intanet sai ya san rediyo, ya san kwamfuta, ya san yadda ake daidaita sauti. Ilimi ne ya ƙaru, ba raguwa ya yi ba. Kuma yaro ba ya fara son abu daga wahalarsa. 'Yan sikawut na duniya suna da taron da suke yi ta rediyo tun 1958, yanzu duk watan Oktoba, daga baya suka haɗa da intanet. Yaron da ya ji muryar takwaransa daga wata nahiya a ranar farko shi ne zai dawo ya tambayi yadda abin ke aiki.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta kaɗaici. A garin da masu lasisi suka kai ɗari biyar, mai ƙin intanet yana da abokan hira ko ya ƙi ta. A garin da ba su kai biyar ba fa? Ka sayi rediyon hannu, ka yi kira safe da yamma, babu mai amsawa, wata biyu ka jefa ta a durowa. Yawancin masu tsananin ra'ayin nan suna zaune ne a ƙasashen da kowane tudu da ripitarsa. Mai ƙoshi ne ke zaɓen tuwo.

Ba yau aka fara ba

Duk wanda ya san tarihin harkar zai yi murmushi kaɗan. Da magana ta baki ta yaɗu, masu buga saƙon Mos, wato ɗigo da ja, sun ce wannan ba gwaninta ba ce. Da aka koma sabon salon murya na SSB a shekarun 1950, masu tsohon salo sun ce muryar agwagwa ce. Da taron sadarwa na duniya ya cire wajabcin iya Mos a 2003, Amurka ta bi a 2007, an ce harka ta mutu. A 2017 Joe Taylor, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, shi da abokin aikinsa suka fito da FT8, inda kwamfutoci biyu ke musayar gajeren saƙo ta iska, nan ma aka ce ba rediyo ba ce. Sai dai kada a yi saurin cewa duk ɗaya ne. Waɗancan sauye-sauyen duk a kan iska suka tsaya, eriya zuwa eriya. Wannan karon kuwa kamfanin wani aka sa a tsakiya.

Ranar da sabis ya ɗauke

A nan ne gardamar ta daina zama ta nishaɗi, kuma a nan ne nake ganin dattawan sun fi gaskiya. Babban abin alfaharin masu rediyon sha'awa shi ne suna aiki lokacin da komai ya tsaya. Da igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a Disambar 2004, wasu 'yan harkar da suka je can don nishaɗi su suka koma hanyar aika saƙo zuwa babban yankin ƙasar. Da guguwar Maria ta ragargaza Puerto Rico a 2017, an tura 'yan sa-kai da rediyoyin gajeren zango. Batir, waya a kan bishiya, shi ke nan.

Mu nan ba sai an ba mu labarin ƙetare ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, daga baya aka rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, mutane na tafiya gari ya gari don su kira 'yan'uwansu. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, tura kuɗi ya gagara. A irin waɗannan ranaku, oba-obar yaron nan ba ta fi dutse amfani ba. Ɗan akwatin kan tebur ma haka. Ripitar da aka jona da intanet za ta rasa duniya, amma za ta ci gaba da haɗa 'yan gari muddin tana da batir da sola, kuma wannan bambanci ne da mai saye ya kamata ya riƙe.

Masu goyon bayan intanet suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. A Amurka akwai wata ƙungiyar sa-kai da ke amfani da EchoLink da IRLP lokacin guguwa tana tattara rahotanni zuwa cibiyar lura da guguwa da ke Miami. Bala'i ba ya rushe ko'ina lokaci guda. Wanda ke tsakiyar ɓarna ya aika ta iska zuwa inda intanet ke da rai, daga nan saƙo ya wuce. Na yarda. Amma lura da kyau: ko a wannan misalin, zangon farko, wanda rai ya rataya a kansa, ta iska aka yi shi. Wanda bai taɓa koyon wannan zangon ba saboda ya saba da danna allo, ranar da ake buƙatarsa zai tsaya yana kallon na'ura.

Me wannan ke nufi ga ɗan Zariya?

Ga mai saye, abin a taƙaice yake: ka buɗe bayan na'urar. Idan akwai wurin sa layi, to waya ce, za ta ci data, za ta mutu ranar da sabis ya mutu. Tana da amfaninta ga masu motocin haya ko masu shago biyu a garuruwa daban, amma kada a sayar maka da ita da sunan maganin ɗaukewar sabis. Idan kuma ta gaske ce, irin su Baofeng da suka cika kasuwa, ka sani aika saƙo da ita ba tare da lasisi ba saɓa doka ne, kuma za ka iya faɗawa kan zangon jami'an tsaro ba da saninka ba. A halin da ake ciki a hanyar Birnin Gwari ko Giwa, mutum da oba-oba a aljihu babu takarda ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba.

Ga mai son shiga harkar da gaske kuwa, ban ga dalilin da zai sa ya ɗauko rigimar wasu ya ɗora wa kansa ba. Zariya gari ne da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama inda magana ta rediyo abincin yau da kullum ce, da kwalejin kimiyya da fasaha, ga masu gyaran lantarki a PZ da Sabon Gari da hannunsu ya faɗa. Mutanen akwai su. Abin da babu shi ne wanda zai amsa kira. Idan EchoLink ce za ta sa ɗalibi biyar su ji daɗin abin har su nemi lasisi, to a yi ta. Amma in ni ne, kuɗin farko da aka tara ba akwatin kan tebur za a saya ba. Ripita za a kafa a wuri mai tsayi, da sola da batir nata, wadda za ta yi aiki ko an yanke mata intanet, sannan a jona ta da duniya daga baya a matsayin ƙari.

Akwai ma wata hanya ta uku da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, kuma mu ta fi yi wa daidai. A Nuwambar 2018 Katar ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Es'hail-2, ɗauke da wani sashe da aka ware wa masu rediyon sha'awa, wanda suke kira QO-100. Ba ya motsi daga inda yake a sama, kuma yana ganin Afirka gaba ɗaya da Turai da ƙasashen Larabawa har Indiya. Da farantin satalayit irin na gidajen kallon ƙwallo da 'yan wat kaɗan ake shiga. Babu jiran rufin sama ya buɗe, babu doguwar waya, ƙarar inbata ba ta cika damun sa ba, kuma babu kamfanin waya a tsakani. Mai lambar 5N idan ya yi kira a can ko a gajeren zango, ba ya rasa masu rububin amsawa, don Najeriya ba ta cika samuwa ba ga masu tara ƙasashe.

Kafin in bar shagon ranar nan, dattijon ya mayar wa yaron layinsa, ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya ɗaura mata guntun waya ya miƙa masa ɗaya bakin ya ce ya fita da shi waje ya ɗaga sama. Ya yi ta murɗa maɓalli a hankali a wajen megahaz 14. Ƙara ce kawai da farko, ta janareton maƙwabci da ta fitilun shagon. Ya miƙa hannu ya kashe fitilun. Can sai wata murya ta ɓullo sama-sama tana karanto haruffa da lambobi da Turancin da ba na Ingila ba, ta nutse, ta sake tasowa. Yaron ya leƙo ta taga, hannunsa na sama da wayar, ya ce, "Baffa, daga ina yake magana?" Dattijon ya ɗaga masa yatsa ya yi shiru, yana jiran mutumin ya maimaita farkon lambarsa.